Godiya Ga Waɗanda Suka Mayar Wa Makarantarmu Rufinta

 A madadin Fada, malamai da yaran makarantarmu ta firamare nake wannan godiya a rubuce. Na yi ta da baki ranar Lahadi bayan Mas, amma lokaci ya ƙure, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fi cancanta su ji ta ba a coci suke ibada ba.

Kowa ya san abin da ya faru. Iskar da ta zo gaban ruwan farko a watan Mayu ta yaye kwanon ajujuwa uku, na 'yan aji huɗu, biyar da shida, ta nannaɗe shi ta watsar bayan katanga. Allah ya sa da dare ne, babu yaro ko ɗaya a ciki. Da gari ya waye muka tarar silin ya sha ruwa ya rufto kan bencina, allo ya jiƙe, ɗakunan kuma sun cika da laka. Saura 'yan makonni a lokacin 'yan aji shida su zauna jarrabawar shiga sakandare da hukumar NECO ke shiryawa.

Akwai masu zaton makarantar mishan tana da wata taska a Roma ko a Turai da take ɗiba idan ta shiga matsala. Babu ita. Gaskiya ne limaman ƙungiyar SMA da suka sauka Shendam a 1907, da sistocin da suka biyo bayansu, sun gina makarantu masu yawa a Arewa da taimakon da ya zo daga waje. Amma gwamnati ta karɓe yawancinsu a farkon shekarun 1970. Dattawanmu suna tuna lokacin da St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta Kakuri kuma ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. Ƙananan makarantu irin tamu daga baya suka zo, kuma da baikon Lahadi da kuɗin bikin girbi aka ɗora bulo a kan bulo. Abin da iyaye ke biya kowane zango shi ne albashin malamai, shi ne alli, shi ne kuɗin wuta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, wanda ya je sayen bandir ɗin kwano ko buhun siminti ya san yadda kasuwa ta koma. Da kafinta ya kawo lissafi, na duba asusun makaranta na ga ko rabinsa ba za mu iya ba, sai dai in an taɓa albashin malamai, abin da ba zan yarda da shi ba.

Godiyata ta farko ga Baba mai gadi take. Cikin daren nan, ruwa na zuba, ya buɗe kabad ya kwashe rajistoci da littattafan da ya iya ɗauka ya kai ofis. Da asuba ya tashi 'ya'yansa suka tattaro kwanon da iska ta watsar kafin wani ya riga su. Kusan rabin wannan kwano an miƙe shi an sake amfani da shi a rufin ɗakin ajiya. Baba, ba aikinka ba ne, kuma babu wanda zai zarge ka da ka zauna a ɗakinka. Allah ya saka maka da alheri, ya albarkaci zuriyarka.

Sai iyayenmu na Zumuntar Mata Katolika. Ban aika musu ba, Mama shugaba ce ta zo da kanta da mata biyu, suka tsaya suka dubi ɗakunan, suka tafi ba su ce komai ba. Bayan taronsu na mako sai ga su da kuɗi ƙulle a leda. Daga baya na ji yadda aka haɗa shi. Wadda kwasar adashi ta faɗo kanta a watan ta ce a ba makaranta, ita ta jira zagaye na gaba, alhali da kuɗin ta yi niyyar sayen taki. Sauran suka ƙara abin da ya sawwaƙa daga cinikin ƙosai, awara da kayan miya. Duk kwanakin da aka yi ana aiki su ne suka ciyar da ma'aikata, kunu da safe, dafa-duka ko tuwo da rana, ba su nemi ko kuɗin itace ba. Na san gidajen da wannan abinci ya fito, na san ba rara ce aka kawo ba. Iyayena, na gode, na gode.

Kafintan da ya yi aikin uban ɗaya daga cikin ɗalibanmu ne. Kafin ya buga ƙusa ɗaya sai da ya hau ya nuna wa kwamitin iyaye da malamai dalilin da ya sa rufin ya tashi. Gara ta cinye katakon da ke kwance kan bango, kuma tun asali ba a ɗaure shi da ginin ba, nauyin kwano kawai ke riƙe da shi. Da iska ta samu ƙofa ta ƙarƙashin baki sai ta ɗaga shi gaba ɗaya. A wannan karo ya sa an jiƙa kowane katako da baƙin mai, ya ɗaure shi da langalanga har cikin bango, ya kuma ƙi yarda a sayi kwano mai laushi don a rage kuɗi, ko da yake wasu a kwamiti sun so haka. Ya yi gaskiya, kuma ina goyon bayansa. Da aka zo biyan ladan aiki ya karɓi na yaransa, nasa ya ce a bar shi. Mai sayar da katako ma a kasuwa ya ba mu kaya bashi, ba takarda ba shaida, ya ce mu biya idan mun samu. Mun biya shi a makon jiya.

Yanzu na zo kan abin da ya fi taɓa ni. 'Yan aji shida mun mayar da su zauren coci, amma 'yan aji huɗu da biyar ba mu da inda za mu sa su, ga damina ta kankama, ƙarƙashin bishiya ba zai yiwu ba. Ana cikin haka sai Malam mai Islamiyyar da ke bayan katangarmu ya zo tare da mai unguwa. Ya ce ɗalibansa da yamma suke karatu, ɗakunansa biyu a rufe suke tun safe har azahar, in muna so ga makulli. Muka karɓa. Kowace safiya yaranmu suka riƙa fita layi-layi da jakunkunansu su zagaya katanga, su yi darasi, su share ɗakin, su mayar da tabarmi da alluna inda suka same su kafin a kira salla. Addu'ar safe a harabarmu muke yin ta kafin su tafi, domin mu ma mu kiyaye masa hurumin wurinsa, ko da yake shi bai gindaya mana wannan sharaɗi ba.

Wanda ya girma a jihar Kaduna ya san abin da wannan makulli ke nufi. Muna da iyaye a makarantar nan da suka ga rikicin 1987, suka ga na 2000, wasu ma dalilin da ya kawo su unguwar nan ke nan. Na san akwai waɗanda suka yi wa Malam magana, kamar yadda ni ma wasu suka zo suka ce in sake tunani. Bai janye ba. Yara Musulmi da dama suna karatu a wurinmu, wasunsu da safe namu ne, da yamma nasa, kuma ya ce shi bai ga yadda zai bar su a ruwa ba, su da abokan zamansu. Allah gafarta Malam, ba mu da abin biyan ka. Allah ya ƙara girma, ya raya zuriya, ya bar zumunci.

Matasan coci da samarin unguwa sun yi mana aikin gayya ranar Asabar, suka kwashe ɓaraguzan silin, suka wanke ɗakuna, suka ɗauko yashi da baro. 'Yan garuwa biyu sun kawo ruwan kwaɓa siminti suka ƙi karɓar kuɗi. Tsofaffin ɗalibai da ke Kano, Abuja da Legas sun haɗa gudummawa ta WhatsApp, ita ce ta sayi yawancin kwanon. Zumuntar maza ta ɗauki nauyin ƙusa da fenti. Ƙungiyar St. Vincent de Paul ta maye wa marayu littattafansu da ruwa ya lalata. Fada ya ware baiko na biyu na Lahadi biyu, ya kuma bar mana zauren coci ba tare da ya ce mu matsa don wani taro ba.

Abokan aikina malamai, ku kuka sha wahalar da ba a gani. Malamar aji shida ta riƙa tsayawa da yaranta har la'asar tana maimaita musu lissafi da Turanci a zauren da ba shi da allon kirki, ba ta nemi ƙarin ko sisi ba. Duk yaranta sun zauna jarrabawarsu a kan lokaci. Malaman aji huɗu da biyar suna ɗauke da alli da littattafai a hannu, kullum a kan hanya tsakanin gida biyu. Na ga wannan duka, kuma na rubuta shi a rahoton da na aika wa ofishin ilimi na Diyosis.

Yaba kyauta tukwici, in ji Hausawa, amma kuɗin jama'a sai da lissafi. An manna cikakken bayanin abin da ya shigo da abin da aka kashe a allon sanarwa na ƙofar ofis, kuma ma'ajin kwamitin iyaye da malamai yana da rasit na kowane kaya. Duk mai son dubawa ya zo, ba sai ya ba da dalili ba.

Yara sun koma ajujuwansu. Abin da ya rage shi ne silin na aji huɗu da gilasan tagogi biyu. Kafinta ya kuma ba da shawarar a dasa darbejiya a jere ta gefen gabas, inda hadari ke tasowa, don ta riƙa karya ƙarfin iska nan gaba. Za mu yi Mas na godiya da bikin ba da kyaututtuka a ranar rufe zango na uku, kuma muna gayyatar kowa, har da Malam da mai unguwa da jama'arsu, an tanadar musu wurin zama a rumfa. Wanda ke da dashen darbejiya a gida, don Allah ya taho mana da shi ranar, mu dasa tun ƙasa tana da danshi.