Wasiƙa Daga Krakow Zuwa Ga Kawu

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kuna lafiya tare da iyali na Nguru da na Gashuwa baki ɗaya, ina sanar da ku cewa saƙonku ya iso ta bakin Yaya, har da maganar da kuka yi cewa wanda ya daɗe a ƙasar da ba a jin kiran salla, zuciyarsa takan bushe bai sani ba. Maganar ta tsaya mini a rai, ko da yake kun san ba yawon duniya ne ya fitar da ni ba, domin da a ce karatun yara da maganin Inna suna biyan kansu, da ban yarda na zauna inda magariba take faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu a lokacin hunturu ba.

Kun tambayi halin mutanen Poland, ni kuwa ban ga ƙofar da ta fi ƙwallo saurin kai mutum cikin zuciyarsu ba. Tsohon da nake haya a gidansa yana da wani hoto da ya dushe, rataye kusa da na mahaifansa, wanda na ɗauka na wasu shaihunansu ne, sai da ya saukar da shi, ya goge gilashin da hannun rigarsa, ya ce mini ’yan wasan Cracovia ne na shekarar 1921, waɗanda suka fara cin gasar ƙasar. Ya kawo mini labarin da tertibi kamar mai jan isnadi: cewa ƙasarsu ta yi shekara 123 a rabe a hannun Rasha da Jamus da Ostiriya kafin ta dawo a 1918, cewa an soma gasar a 1920 amma yaƙi da Rasha ya katse ta, cewa a 1921 ƙungiyoyi biyar ne suka kai zagayen ƙarshe, Cracovia ta yi wasa takwas ba a ci ta ko sau ɗaya ba, Polonia ta birnin Warsaw ta zo ta biyu, Warta ta Poznan ta uku. Gwarzonsu sunansa Jozef Kaluza, kuma titin da filin wasansu yake a yau sunansa aka sa masa. Da ya zo kan Pogon ta birnin Lwow, wadda ta ci gasar sau huɗu tsakanin 1922 da 1926, sai muryarsa ta raunana, saboda yaƙin duniya na biyu ya shafe ƙungiyar, birnin kansa kuma yanzu yana cikin Yukiren.

Ba zan ɓoye muku ba, wannan riƙon tarihi ya ba ni sha’awa, duk da na san lagawu ne, kuma abin da aka kiyaye ɗin bai wuce fatar da aka hura wa iska ba.

Amma abin da ya ɗaure mini kai, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami, shi ne gabar da ke tsakanin masoya Cracovia da na Wisla, ƙungiyoyi biyu na gari ɗaya, waɗanda aka kafa a shekara ɗaya, 1906, kuma ba abin da ya raba filayensu sai wani makeken fili mai ciyawa da ake kira Blonia, tafiyar da ba ta kai daga tashar jirgin Nguru zuwa kasuwa ba. Kawu, karawarsu suna kiranta yaƙi mai tsarki! Mutanen da harshensu ɗaya, cocinsu ɗaya, watakila ma kakanninsu ɗaya, sun raba unguwanni da rubutun bango, ta yadda saurayi zai ɓoye mayafin wuyansa cikin riga idan zai ratsa wani layi, don kada launinsa ya jawo masa sara. Da ’yan daban ƙwallo na sauran garuruwa suka yi yarjejeniyar ajiye makami a yi dambe da hannu, na Krakow ƙi suka yi, har aka riƙa yi wa garin laƙabi da birnin wuƙaƙe, an kuma rasa rayuka a kan haka. Ranar wasa nakan ga ’yan sanda da garkuwa da kwalkwali sun cika hanya kamar ana jiran abokan gaba daga wata ƙasa, ni kuwa sai in tuna karatun da kuka yi mana a zaure na yaƙin Dahis da Gabra, wanda Larabawan jahiliyya suka shafe shekaru suna yi a kan tseren dawaki, in ce ashe asabiyya ba ta mutu ba, riga kawai ta sake. Wa’iyazu billahi. Na tambayi tsohon mene ne asalin rigimar, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma haka ya taso ya tarar, sa’an nan ya rantse bai taɓa shan shayi da ɗan Wisla ba, alhali likitan da ke duba masa zuciya ɗan Wisla ne.

Na so in yi masa wa’azi, sai na tuna yadda samarinmu suke tashin hankali a gidajen kallo saboda ƙungiyoyin Ingila da Sifen da ba su san da zamansu ba, sai na haɗiye maganata. Shi aƙalla kakansa ya tsaya a bakin filin. Ya kuma kunyata ni da wata tambaya, bayan ya ba ni labarin Olisadebe, ɗan Nijeriyar da ya buga wa Poland gasar duniya a 2002: wai su wa suka fara buga ƙwallo a garinmu? Na yi shiru. Ba ma ƙwallo kaɗai ba: jirgin ƙasa ya isa Nguru tun 1930, amma ban san sunan ko mutum ɗaya da ya sauke kaya a ranar ba.

Kwanan baya na ga wasu manyan tsuntsaye sun yi ayari sun nufi kudu, aka ce mini Afirka suke zuwa cin rani, na tsaya ina kallonsu har wuyana ya gaji, ina raya cewa la’alla wasunsu a Dagona za su sauka, su sha ruwan Yobe kafin ni.

Ina roƙonku ku sa ƙanena ya zauna gabanku da littafi bayan la’asar, ya rubuta abin da kuka riska na zamanin gyaɗa da fatu da kilishin da ake lodawa zuwa kudu, da sunayen mutanen. Kuɗin takarda da na maganin Inna suna hannun Yaya. A gaishe da su Gwaggo, a kuma sa ni a addu’a. Wassalam, naku ɗa mai biyayya.