Shida da Bakwai: Yadda Muka Zaɓi Masaƙin Ankonmu

Duk wanda ya yi ko da zango ɗaya a makarantar nan ya san ba a Makon Al'adu sai da anko. Kowace ƙungiya da nata. Kabawa su fito da nasu, Nupawa da nasu, abokan wasanmu Yarbawa kuwa su yo odar ashoke tun daga Ilori, su zo suna yauƙi suna tambayarmu, "Gobirawa, ina naku?" Mu 'yan Sabon Birni da Isa, shekara da shekaru abu ɗaya muke yi: a tura mutum kasuwa ya zaɓo wa mata atamfa, maza kuma yadi, a ɗinka, a yi hoto, a watse. Bara atamfar da muka ɗauka sai ga ta a jikin wata ƙungiya, launi ɗaya, fure ɗaya, har mai hoto ya riƙa jera mu layi guda.

Bana ni ne ma'ajin ƙungiyarmu, kuma ina ajin ƙarshe na difloma, don haka aka sa ni cikin kwamitin mutum uku da zai nemo mana anko. Ina rubuta yadda muka yi ne saboda masu zuwa bayanmu, da ma sauran ƙungiyoyi, domin zaɓen wanda zai yi wa mutum 58 tufa iri ɗaya ya fi ƙarfin a ce "wannan ya yi kyau".

Wata 'yar kwamitinmu ce ta fara kawo shawarar mu yi zane namu na kanmu. Ta nuna mana mutanen Sikotland a wayarta, maza ɗaure da wani ɗan zane mai ninki iya gwiwa, yadinsa mai layuka a tsaye da a kwance, wanda suke kira tatan. Dangi da dama a can suna da nasu tsarin layukan. A shekarar 1746 gwamnatin Birtaniya ta hana mutanen tsaunukan ƙasar sa wannan tufa, sai a 1782 aka janye dokar. Tun 2009 suna da rajista ta hukuma a birnin Edinbara, inda ake rubuta adadin zaren kowane launi da yadda suke bin juna. Da wannan lissafi kowace masaƙa za ta iya sake saƙa zanen ko bayan shekaru hamsin. Wannan ɓangaren ne ya tsaya mini a rai.

Mu ma ai ba baƙin saƙa ba ne. Muna da saƙi, mai ɗigon baƙi da fari kamar gashin zabo. Muna da luru da gwado da barage da tsamiya. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a can suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ƙasarmu ta Gobir kuwa, wadda Alkalawa ke zaman babban birninta tun kafin zamanin Bawa Jangwarzo har zuwa faɗuwarta a 1808, tana da alamar da kowa ya san ta da ita: zanen fuska, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. A tsaranmu da wuya ka ga mai shi, sai iyaye da kakanni. Da yake a rubuce sunan na fuska da na ɗaurawa iri ɗaya ne, sai muka ce to a mai da zane cikin zane: farin layi shida, farin layi bakwai, a kan baƙin shuni. Da 'yan uwanmu Fulani da Zamfarawa da Adarawa na cikin ƙungiya suka ce su fa ba su gaji wannan zane ba, sai aka ƙara jan layi mai faɗi a tsakiya, aka ce wannan na kowa ne, kamar yadda gulbin Rima yake na kowa.

Tsara zane a takarda bai ɗauke mu awa ɗaya ba. Wa zai yi shi, nan ne muka shafe mako uku.

Hanya ta farko ita ce Kantin Kwari a Kano. Wani ɗan kasuwa da aka haɗa mu da shi ya yi mana bayani tsakani da Allah. Za a iya buga mana zanen a kamfani a ƙasar Sin, har da sunan ƙungiya, kuma turmi ɗaya zai zo da araha ƙwarai. Amma kamfani ba ya kunna inji don mutum 58. Sai mun ɗauki diloli, kayan da za mu shekara biyar ba mu ƙarar ba, ga kuma jiran jirgin ruwa. Ya ce in muna son shawara, mu ɗauki abin da ke ƙasa. Wato mu koma gidan jiya.

Hanya ta biyu, masaƙun zamani na gida. Nan ne na karanta abin da ya sanyaya mini jiki. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a Kakuri a 1957, zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya, har ana yi wa Kaduna kallon cibiyar masaƙu ta ƙasa baki ɗaya. Gusau, nan kusa da mu, ita ma ta yi tata masaƙar, ga injinan gurzar auduga. Rashin wuta, tsadar man inji da kwararowar kayan waje ta ɓarauniyar hanya suka taru suka durƙusar da yawancinsu tun farkon shekarun 2000. Waɗanda suka rage ma, lissafinsu ɗaya da na Sin: sai oda mai yawa.

Hanya ta uku wani ɗan ƙungiyarmu ne ya nuna mana ita. Akwai wani dattijo masaƙi daga wani ƙauye kusa da kufan Alkalawa, wanda rashin tsaro ya koro su shi da iyalinsa, yanzu yana zaune a bayan garin Sakkwato a wani kango da aka ba shi aro. Ya bar gona, ya bar rumbu, amma ya ɗauko allera da ƙoshiya a cikin buhu. Mun same shi ya kafa masaƙa ƙarƙashin dogon yaro, zare miƙe a gabansa har zuwa kunkuru, 'ya'yansa biyu suna gefe. Abin da suke samu a yanzu bai wuce ɗan gwado jifa-jifa ba.

Na miƙa masa takardar. Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa ya ƙirga layukan, sannan ya ɗago ya shafa kuncinsa ya yi dariya. Na ce, "Baba, zai yiwu?" Ya ce, "Ɗana, mi zai hana? Amma saƙa ba ta son gaggawa. In kuna son abu guda, ku sawo zaren ga duka rana guda, a rina shi tukunya guda. In anka rina yau anka rina gobe, kowa na ganin bambanci ran da kunka jeru." Ya ƙara da cewa layukan tsaye tun wajen wadari ake ƙirga su, in aka yi kuskuren zare ɗaya a nan, haka zai bi ƙwaryar tun daga farko har ƙarshe. Na tambaye shi ko za a sami zaren hannu. Ya girgiza kai. "Yanzu wa ka kaɗi? Tsohin da ka riƙa mazari sun ƙare." Ke nan zaren na kamfani za mu saya a kasuwa, rini da saƙa da ɗinkin ƙwarya ne na gida. Ban ɓoye wa 'yan ƙungiya wannan ba.

A taron da muka kai rahoto ne aka yi zafi, domin saƙar hannu ta ninka atamfa tsada. Wani ɗan ajinmu ya miƙe ya ce, "Ma'aji, kai kana zancen tarihi, ni ko babana bai noma gonatai ba bana. Kuɗin makaranta ma kawuna yab biya." Ɗaki ya yi tsit, don babu wanda bai san wani mai irin wannan labari ba. Yawancinmu sai mun yi ta tambayar lafiyar hanya kafin mu shiga motar gida. Maganarsa gaskiya ce, kuma duk kwamitin da ya take irin wannan magana don neman burgewa ya zalunci mutanensa.

Abin da muka daidaita a kai shi ne a bar maganar riga da zane cikakku. Kowa ya sa farin kayan da yake da su a akwati, anko ya zama mayafi ɗaya, ƙwarya huɗu a haɗe, tsawon kamu biyar: mata su yafa, maza su saɓa a kafaɗa. Aka raba biya gida uku. Wasu tsofaffin ɗalibai da ke aiki suka ɗauki nauyin mutum tara, kuma ni kaɗai na san sunayen taran, haka zai ci gaba da zama. Da aka buga lissafi, abin da ya hau kan kowa bai fi kuɗin atamfa da ɗinki na bara da wani abin kirki ba.

Kafin mu ba da kafin alƙalami sai da muka karɓi samfur na kamu biyu. Muka wanke shi sau uku da sabulu, muka shanya a rana, don mu ga ko shunin zai zuba ya ɓata farin, ko jan zai koɗe, ko zai tsuke. Shunin ya ɗan saki a wankin farko, daga nan ya tsaya. Muka rubuta yarjejeniya da shaidu biyu: faɗin ƙwarya, adadin zaren kowane launi, mako takwas na aiki, da sati biyu na ko-ta-kwana kafin ranar biki. Baba ya ce tunda yake ba a taɓa rubuta masa saƙa a takarda ba, amma ya dangwala. Muka bar masa rabin samfurin, muka riƙe rabi, don in an kawo kaya a gwada.

Ga duk wanda wannan aiki zai faɗo wa baɗi, ka tambayi mai yi mafi ƙarancin abin da zai karɓa kafin ka tambayi farashi. Ka sayi zare lokaci ɗaya, ka ƙara kaɗan a kai saboda masu zuwa a makare, don ba a rasa su. Kada ka yarda da hoton waya, ka riƙe samfur a hannu ka wanke. Sannan ka tambayi kanka aljihun wa kuɗin mutane za su shiga. Namu mun san inda suka tafi: buhun gero, kuɗin makarantar jikoki, da ƙyauren da aka sa wa kangon nan.

Yanzu an kawo mayafi 31, saura 27. Lissafin zaren yana shafin farko na littafin ma'aji, samfurin kuma yana manne a jikinsa. Ƙaramin ɗan Baba, wanda da yake shirin tafiya kudu aikin acaɓa, ya ce zai tsaya ya ga ko 'yan baɗi za su dawo. Wannan ya rage gare ku, ƙannena. Yarbawa kuma ku shirya, bana za ku ga namu.