Inda Ba A Rufe Taga

Idan ka ce wa ɗan adaidaita sahu a Kano ya kai ka asibitin cututtuka masu yaɗuwa, sai ya tsaya yana kallonka. Ce masa Asibitin Zana, kafin ka rufe baki ya ce shigo mu tafi. Can muka nufa da sassafe cikin sanyin hunturu, ni da wani maƙwabcina tela wanda ya fi wata guda yana tari. Ya sha maganin tari na kwalba har uku daga kemis, ya sha zuma da citta, ya sha jiƙo. Tarin bai daina ba, wandonsa kuma ya fara zame masa daga ƙugu.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina a ɓangaren masu tarin fuka shi ne iska. Mutane zaune kan benci a waje, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi ko mayafi, amma tagogin ɗakin da ake ganin marasa lafiya a buɗe suke wangam. Wani dattijo ya roƙi ma'aikacin da ya ɗan tura ƙofar. Ma'aikacin ya yi murmushi ya ce, "Baba, a yi haƙuri da sanyin. Iskar nan ita ke tsare ni, ita ke tsare ku."

Gaskiya ya faɗa. Ƙwayar cutar ta iska take bi. Mai ita ya yi tari ko atishawa, ko ma ya yi magana, sai ta fito ta rataya a iskar ɗaki na tsawon sa'o'i, wanda ya shaƙa ya ɗauka. Musabaha ba ta kawo ta, haka ma cin tuwo a kwano ɗaya. Na tuna gidan abokin tafiyata: tun da tarin ya yi tsanani aka ware masa kwano da kofi da cokali, har ya fara jin kansa bare a gidansa. Amma tagar ɗakin da yake kwana da matarsa da 'ya'yansa uku, an toshe ta da tsohon zane saboda ƙura da sanyi. An tsare ƙofar da ɓarawo ba ya bi, an bar masa wadda yake bi.

Tambayoyin da aka yi masa kaɗan ne. Tarin ya kai mako biyu? Kana gumi da dare har ya jiƙa shimfiɗa? Zazzaɓi fa? Ka rame? Ka taɓa ganin jini a kakinka? Duk ya amsa da e, sai ta ƙarshe. Aka miƙa masa 'yar roba mai murfi, aka nuna masa wani fili nesa da jama'a. "Malam, ba yawu nake so ba. Ka ja numfashi sosai, ka kakaro daga can ƙasan ƙirji."

Wannan kakin na'urar GeneXpert ake kai wa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, kuma cikin kamar sa'o'i biyu takan nuna abu biyu: ko akwai ƙwayar, da kuma ko ta riga ta bijire wa rifampicin, babban maganin cutar. A da sai an shafa kakin a gilashi an leƙa da madubin likita, hanyar da ta samo asali tun zamanin Robert Koch, Bajamushen da ya sanar da gano ƙwayar a Balin ranar 24 ga Maris, 1882. Shi ya sa ranar ta zama ta tarin fuka a duniya. Cutar ba ta tsufa ba: a ƙiyasin Hukumar, mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da ita a 2023, kuma Najeriya ce kan gaba a Afirka.

Washegari muka koma karɓar sakamako. Tibi ce, wato tarin fuka. Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, sannan ya tambayi abin da ke ransa tun jiya: nawa ne kuɗin magani? Aka ce kyauta ne, gwajin ma haka. Aka kuma nemi yardarsa a yi masa gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, don su biyun sukan yi tafiya tare, kuma kowane mai tibi ana ba shi wannan shawara.

Daga nan sai sikeli. Yawan ƙwayoyin da mutum zai haɗiya a rana ya danganta da nauyinsa, shi ya sa sikelin nan ba ya hutawa. Aka buɗe masa kati mai gidaje-gidaje, kowane gida rana guda. Wata biyun farko magani huɗu ne a dunƙule cikin ƙwaya ɗaya: rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol. Wata huɗun da ke biye, biyun farko kaɗai. Da safe ake sha, kafin a karya. Wata ma'aikaciya ta ja masa kunne cewa fitsarinsa zai koma ja-ja kamar ruwan lemo, kada ya firgita, aikin rifampicin ne. Amma idan idonsa ya yi rawaya, ko amai ya matsa masa, ko gani ya fara dishewa, ya dawo ranar, kada ya jira ranar karɓar magani.

A kan benci na zauna kusa da wata mata da ta zo karɓar na wata na biyar. Ta ce wahalar ba a farko take ba, lokacin da mutum ke neman ransa kowa shan magani yake. Wahalar tana wata na uku: tari ya tsaya, abinci ya dawo da daɗi, kumatu sun ciko, kasuwa tana kira. A nan da yawa ke ajiye katin. Ƙwayoyin da ba su gama mutuwa ba sai su farfaɗo, wani lokaci su dawo ba sa jin maganin da aka saba. Masu irin wannan tibi a da sukan yi kusan shekara biyu suna magani, har da allurai masu iya taɓa ji. Tun 2022 akwai tsarin wata shida na haɗiya zalla, amma ban ga wanda ya san hanyar da yake sha'awar bin ta ba. Shi ya sa ake tambayar kowa wa zai riƙa tsaya masa yana ganin ya haɗiye. Telan ya ce matarsa. Ma'aikaciyar ta ce to, ta zo, kuma ta zo da yaran duka.

Ya ce ai an yi musu BCG, duk suna da tabon a dantse. Ta ce madalla, allurar tana kare ƙananan yara daga mummunan nau'in cutar, kamar wanda ke kama ƙwaƙwalwa, amma ba ta hana a duba su ba. Wanda aka samu da cutar a sa shi a magani, wanda ba a samu ba akwai maganin rigakafi na 'yan watanni. Ta rubuta masa 3340 a bayan takarda, lambar da ake kira kyauta kan tarin fuka, ko wani a layinsu na irin wannan tari.

A hanyar komawa ya ɗaura takunkumi, ya zauna a gefen da iska ke kaɗawa. Bai ce komai ba har muka wuce Fagge. Da muka isa gida, tun bai cire takalmi ba ya ɗauko almakashinsa na ɗinki, ya hau kan kujera, ya fara ɓanɓare ƙusoshin da suka riƙe zanen nan a taga.