Maganar da na yaɓa wa ɗan Keita

Akwai wani wasan kwamfuta, Rome: Total War, da wani kamfanin Ingila ya ƙirƙira, aka fitar a 2004. A cikinsa kai ne mai mulkin garuruwan daular Rum. Gari yakan fara a ƙauye, in jama'arsa ta kai 2,000 ka ɗaga darajarsa, haka a 6,000 da 12,000 har 24,000. Kowane kai haraji ne. Sai dai jama'a na ƙaruwa ƙazanta na biye da ita, daga nan kuma sai tarzoma.

Masu wasan sun gano wata muguwar dabara. Ka janye sojojinka, ka bar garin ya yi tawaye, ka dawo ka ci shi da yaƙi, ka karkashe mazauna. Nan take ƙazanta ta sauka, baitulmali ya cika da ganima. Na yi ta yin haka har hannuna ya saba, ban ankara ba wani lissafi ya zauna mini a ka: in gari ya yi datti, to mutane ne suka yi yawa.

Da wannan lissafin na buɗe baki wata rana a fadarmu ta shan shayi a Madawa, cikin damina. Ruwa ya kwanta a lungu ya yi kore, leda ta toshe kwata, warin ruɓaɓɓiyar albasa ya hana mu jin daɗin shayi. Na ce ai duk laifin mutanen tudun Buza da Keita ne da suke kwararowa, da za a mai da su gida da gari ya huta. Ashe dattijon da ke kwashe mana shara da amalanken jaki yana tsaye a bayana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, sharar gidanku ce a kan amalanken nan. Ka nuna mini inda zan kai ta." Ya gyara igiyar jakinsa, ya ƙara da cewa shi da mai ɗakinsa sun ɗauki dutse a ka lokacin aikin Keita, ba su taɓa zama kaya a kan kowa ba.

Kunya ta rufe ni, domin na san aikin da yake nufi. An fara shi a 1984, shekarar fari, da kuɗin Italiya da jagorancin hukumar FAO, ana biyan lada da abinci. Mata ne suka fi yawa a ciki, don maza sun tafi bida. Da hannu suka jera duwatsu a gangaren tsaunuka don tare ruwa, suka haƙa ramuka, suka dasa miliyoyin itatuwa, fako ya koma gona. A kwarin Maggiya ta wajen Buza ma, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro masu kare hatsi daga iska. Mutanen da suka raya duwatsu su na kira datti.

Ko ta fuskar kuɗi ma ban yi adalci ba. Su wa ke dakon buhunan albasar da manyan motoci ke kwasa zuwa Gana da Kodebuwa? Su wa ke yankar tikiti ranar kasuwa? Jama'ar Nijar ta tashi daga miliyan 11 a ƙidayar 2001 zuwa miliyan 17 a 2012, kuma Madawa na bakin babbar hanya, dole ta cika. Kwata da masai da juji ne ba su ƙaru tare da jama'ar ba. A wasan ma akwai magudana da gidajen wanka da hanyar ruwan sha, ni ne nake zuba kuɗin a sojoji don gini na ɗaukar lokaci.

Washegari na tare shi na ce, "Baba, ka gafarce ni." Ya ce ya yafe duniya da lahira. Amma tambayarsa tana nan, mu 'yan unguwa ba mu amsa ta ba. 'Yan fada, mu haɗa kai da mai unguwa mu nemi fili a bayan gari, mu yashe kwatarmu kafin ruwan baɗi ya sauka.