Mu 'Yan Bakin Fili

Ni mutumin Roni ne, kuma ban taɓa jefa ƙwallo ta shiga kwando sau biyu a jere ba, saboda haka kada mai karatu ya ɗauke ni gwani. Ɗan kallo ne ni, irin masu zama bisa tubali a bakin fili, bakinmu ya fi ƙafafun 'yan wasa sauri.

A kwalejin da na yi karatu akwai ƙungiyar ƙwallon kwando wadda manya suka ce a dā ana shakkarta. Mu dai abin da muka tarar shi ne daɓen siminti da ya tsattsage har ciyawa na leƙowa, da allon da gara ta ci, da ƙarfen kwando da ya sunkuya. Shekara biyu cur ba mu ci wasa ko ɗaya ba. Abin da ya ƙara mana takaici, a 2015 'yan wasan Nijeriya sun doke Angola a Tunisiya suka ɗauko kofin Afirka, ga kuma Kano Pillars nan kusa da mu tana cin kofin ƙasa. To, mu me muka yi wa Allah? Sai ihu, "A kori koci!" Kocin kuwa, Allah Sarki, malamin lissafi ne da aka ɗora wa aikin don kowa ya ƙi karɓa.

Wata rana baƙi suka lallasa mu da ratar da nake kunyar faɗi. Na miƙe na yaɓa masa baƙar magana a gaban jama'a. Bai tanka ba. Da aka watse sai ya yafito ni, ya ce, "Kai ɗan Roni, ƙwallonmu nawa?" Na ce, "Ban sani ba, Malam." Ya ce, "Guda ce, ita ma da albashina na saya. Gobe bayan asuba ka zo da tsintsiya."

Na zo, don kunya. A wajen sharar nan ne ya ba ni labarin Oliver Johnson, Ba'amurken da ya shafe shekaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana tara yara yana koya musu wasan tun daga buga ƙwallo a ƙasa. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa har da Masai Ujiri, wanda yake shugaban Toronto Raptors sa'ad da ta ci kofin NBA a 2019. Watau mu mun zo neman girbi a gonar da ba wanda ya yi wa shuka.

Muka yi karo-karo muka sayi siminti. Mai walda a Kazaure ya miƙe ƙarfen, Malam ya auna da kansa sai da ya tsaya ƙafa 10 daidai. Sa'an nan ya shiga ajujuwa yana zaɓen dogaye. Ya samo wani ɗan Gwiwa, mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa, da wasu biyu daga Babura. Ɗan Gwiwan nan wata uku aka yi ana fama da shi, don da ya cafe ƙwallo sai ya rungume ta ya zura da gudu, usur na binsa. Da yawan abokaina suka janye jiki, suka ce wannan wasan yara ne.

Wasanmu na farko bayan gyara an ci mu, amma da maki huɗu kacal. Na ji "A kori koci!" ya taso daga bayana, har bakina ya motsa don sabo, na yi maza na rufe shi.

Har na gama karatu ban ga sun ci wasa ba. Bara na bi ta wurin da yamma, na tarar ragar ta sake yagewa, amma ga yaran firamare goma sha suna rububin ƙwallo ba takalmi, ɗan Gwiwan nan tsaye a tsakiyarsu da usur a baki.