Ruwan da Bai Yi Tsami Ba

Shaidu uku muka gada wajen yanke wa ruwa hukunci: ido da harshe da hanci. Duk wanda ya durƙusa gaban malamin zaure ya ɗauki Ahalari ya san su, domin a nan ake koya wa yaro cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai jirkita ba. Hukunci ne mai sauƙi, mai rangwame, wanda matafiyi a tsakiyar daji zai iya aiki da shi. Sai dai tambayar da yake amsawa ita ce ko ruwan ya halatta a yi alwala da shi. Ko ya dace a ɗura wa jariri ɗan wata uku, wannan wata tambaya ce daban, mu kuwa a gidajenmu mun daɗe muna ba su amsa guda.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma gaskiya ne. Abin tsoron shi ne ruwan da ya ɓaci bai yi tsami ba. A shekarar 1854 kwalara ta kashe fiye da mutum 600 a wata unguwa ta birnin Landan, har likita John Snow ya bi sawun mamatan ya tarar da famfo guda suke sha, na titin Broad. Ruwan famfon ya yi suna wajen daɗi. Akwai wata tsohuwa da ta bar unguwar tuntuni amma ake kai mata shi har gida saboda ta fi son ɗanɗanonsa, ita ma cutar ta tafi da ita. Da aka tona, sai aka ga rijiyar da famfon ke zuƙa tana dab da wani tsohon ramin bahaya.

Wannan labari ya hana ni sukuni saboda rijiyar gidanmu. Kakanmu ne ya haƙa ta, lokacin da gidan yake fili fetal, da turken awaki da bishiyar ɗurumi, salga kuwa tana can ƙuryar yamma. Bayan rasuwarsa aka raba gado, gida ɗaya ya zama huɗu, kowane sashe ya haƙa tasa salgar. Ma'aikatan tsafta suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Na auna tsakanin tamu da salgar sashen Baffa da ƙafata: taku goma sha ɗaya. Ga shi kuma ba mu kaɗai ke sha ba. Tun da asuba yaran lungu ke sallama da bokitai, kowa da gugansa, domin ruwanmu ba shi da zartsi kamar na maƙwabta, kuma Baba bai taɓa hana kowa ba. Yana ɗaukar rijiyar sadaka ce mai gudana ga mahaifinsa.

A tsakiyar marka na ɗebi ruwan na kai ɗakin gwaji. Ɗibar ma tana da nata ladabi: kwalba ce da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, ba a taɓa bakinta da hannu, a sa ta cikin ƙanƙara, a isar da ita cikin sa'o'i kaɗan, in ba haka ba abin da za a auna ya riga ya canza a hanya. Abu na farko da ake nema shi ne wata ƙwayar halitta mai suna E. coli, wadda mazauninta hanjin mutum ne da na dabba. Yawancin irinta ba sa cutarwa. Ana nemanta ne don ita ce sawu: in ta iso rijiya, to hanyar da ta biyo a buɗe take ga taifot da kwalara da atuni. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan wannan ba ta da sassauci, kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha.

Sai kuma sinadarai, waɗanda suka fi ƙwayoyin cuta haƙuri. Akwai naitiret, mai tsatsowa daga masai da takin zamani, wanda iyakarsa miligiram 50 ce a lita, kuma jarirai ya fi yi wa illa, domin yakan hana jininsu ɗaukar iska har leɓɓansu su yi shuɗi. Akwai dalma. Akwai fulorayid, wanda ba ƙazantar kowa ba ce, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa. Mutanen Tibiri ta kusa da Maraɗi sun san shi: ruwan rijiyar burtsatse da aka haƙa musu don alheri ya ɓata haƙoran yara masu yawa, ya lanƙwasa musu ƙasusuwa, aka shekara da shekaru kafin a gane daga ina masifar take. Wannan ya isa ya nuna cewa zurfi kaɗai ba ya wanke rijiya daga zargi.

Bayan kwana biyu na karɓo takardar. Sinadaran duk suna ƙasa da iyaka. E. coli kuwa tana nan.

Na jira har Baba ya idar da la'asar, na zauna gefen buzunsa na karanta masa. Ya yi shiru, sannan ya ce a kawo masa moɗa. Ya ɗaga ruwan ga haske, garai-garai kamar hawaye.

"Kakanka wannan ya sha har ya yi furfura. Ni ma shi na sha. Yau kuma takarda ce za ta gaya mini guba nake ba 'ya'yan mutane?"

"Allah ya huci zuciyarka, Baba. Rijiyar tana nan yadda ya bar ta. Gidan ne ya matso kusa da ita."

Bai amsa ba. Inna ce daga bakin madafa ta ce, ba tare da ta dube mu ba, "Malam, ai duk damina sai mun kai yaran nan kemis da gudawa." Mun saba kiran abin da sunan sauyin yanayi ko fitowar haƙori, har ya zama kamar harajin da ake biyan damina.

Na fahimci zafin da ya ji, ba na kuma ganin taurin kai ne. A wurinmu aibata ruwan gida aibata mai gidan ne, kuma wanda ya shekara talatin yana shayar da lungu don Allah ba zai ji daɗi a ce kyautarsa na da lahani ba. Duk da haka shi da kansa ya kira masu yasa. Aka kwashe laka da tsofaffin gugunan da ƙugiya ta kasa cirowa, aka ɗaga bakin rijiyar da bulo, aka yi mata daɓen siminti mai gangara don kada ruwan tsakar gida ya koma ciki, aka sa murfi. Aka zuba kulorin, aka bar ta ta kwana, aka janye. Abin da ya fi wuya shi ne hana yara zuwa da gugunansu, waɗanda ake yarwa a ƙasa inda kaji da awaki ke yawo. Yanzu guga ɗaya ne, a rataye a ƙusa. Wata maƙwabciya ta yi habaicin cewa rijiya ta bayar guga ya hana, ta yi mako biyu ba ta aiko ba, daga baya ta aiko.

Gwajin da na sake yi da rani ya fito fes. Na damina ya dawo da E. coli, domin idan ruwan ƙasa ya taso yakan haɗa abin da rani ya raba, kuma murfi ba ya tare abin da ke zuwa ta ƙarƙashi. Saboda haka muka raba wa ruwan aiki. Wanki da wanka da alwala, daga rijiya kai tsaye. Na sha kuwa sai an tafasa, ko a ɗiga masa kulorin a jira rabin sa'a, a zuba a randa mai murfi da moɗarta ita kaɗai. Alif da 'ya'yan zogale da Inna ta dogara da su suna kwantar da laka, ruwa ya yi kyan gani, amma ba sa gamawa da ƙwayoyin cuta. Tafasawa ma da a ce naitiret ne matsalarmu da ba ta yi magani ba, sai dai ta ƙara masa kauri. Ga tsadar itace da gas, wadda ta sa na san ba kowane gida a lungun ke tafasawa ba, ko da yake Baba ya bi su zaure zaure ya faɗa musu abin da takardar ta ce.

Saura salgar. Sau biyu Baba yana yi wa Baffa maganar a cike ta a haƙa wata, sau biyu Baffa yana cewa a nuna masa inda zai haƙa, alhali sashensa ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. Ba ƙarya ya yi ba, babu wurin. An bar maganar sai bayan girbi, lokacin da Gwaggo za ta zo daga Funtuwa, don ita ce babbarsu kuma ita kaɗai suke jin nauyi su biyun.