Kwalekwale a Bayan Gida

Juma'a, 3 ga Janairu, 2025
Wudil tun da sassafe. Ranar kasuwa, motocin shanu sun toshe hanyar kara. Na sauka kafin gada, na gangara bakin kogi a ƙafa. Jirage jere, na masunta da na masu ɗiban yashi, wasu a kife a kan tudu. Dattijon da aka kwatanta mini yana zaune yana cusa tsumma a tsagar wani tsohon jirgi. Na tsuguna, muka gaisa. Na ce, "Baba, ƙarami nake so na haɗa, a gida." Ya ce su zan yi ko fito? Na ce ba ko ɗaya, sha'awa ce kawai. Ya daɗe bai tanka ba. Can ya nuna wani ɗan jirgi da haɓa: "To Malam, auna wancan." Na auna da igiya, ƙulli a kowace gaɓa.

Asabar, 11 ga Janairu
Na'ibawa, 'yan katako. Madaci tsada. Baba ya ce shi ne ba ya tsoron ruwa, don haka na saye shi na daɓen ƙasa da na haƙarƙari. Na gefe farin katako, mara nauyi, mai yarda a lanƙwasa shi. Duk masu ƙafa 12. Ƙusar kwano, don ba ta saurin tsatsa. A-kori-kura har Lajawa. Mun iso bayan isha'i, hazo ya rufe hanya.

Lahadi, 12
Na jera su a kangon bayan gida, a inuwa, tsinke tsakanin kowane falle da ɗan'uwansa don iska ta ratsa. Yaran unguwa a kan katanga. An ce benci zan yi wa makaranta.

Alhamis, 16
Ban taɓa komai ba. Jarabawar gwaji, takardun yara tuli. Da la'asar na leƙa kawai na dawo.

Asabar, 18
Daɓen ƙasa yau. Falle uku, na zana siffar da gawayi, faɗi a tsakiya, tsukewa wajen goshi. Zarto tun hantsi. Madaci yana cin haƙorin zarto, garinsa ja, ɗacinsa har maƙogwaro. Tafin hannuna ya yi bororo. Amma da na ja baya na duba, ga shi a ƙasa: siffar jirgi. Na tsaya kallo har aka kira azahar.

Laraba, 22
Inna ta aiko wa maman yara, wai ta gaya wa mijinta ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ba ta ce a bari ba. Na san abin da take tunawa.

Asabar, 25
Haƙarƙari. Ƙanena ya zo ya riƙe mini. Kowanne sai an sassaƙe shi da gizago ya zauna daidai, in ba haka ba katakon gefe zai bar rata. Mun gama biyu, na ukun ya ƙi. Sanyi, leɓe duk ya tsage.

Talata, 28
Ɗaya daga cikin katakon gefe ya tsage. Da safe na gani, tsaga daga baki ta shiga kusan kamu biyu. Hunturu ne, iskar ta shanye shi. Ban iya karin kumallo ba. A aji ma hankalina yana kango.

Juma'a, 31
Na koma wurin Baba da katakon. Ya juya shi, ya ce a yanke wurin, jirgin ya ɗan gajarta, ba komai. Sauran kuma a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu.
Na zauna har la'asar, hira ta yi tsawo. Ya ce yana yaro, kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974, kogin nan da rani yashi ne zalla, sai a tona a sami ruwa. Da damina kuma ya cika ya tumbatsa, fito ya kankama. Da aka datse Kogin Kano a Tiga, aka ƙara da na Challawa a 1992, ruwan ya koma hannun masu buɗe ƙofa. Yanzu rani ma akwai ruwa, sai dai ambaliyar da take kai kifi fadama ya yi ƙwai ta ragu. Ya ce can ƙasa, wajen Haɗeja da Nguru, kacala ta cinye hanyoyin ruwa, jirgi ba ya ratsawa sai an sare.
Na tambaye shi me ya sa ba a sassaƙa jirgi daga gungume guda kamar da. Ya ce, "Ina itacen, Malam? Nuna mini madacin da mutum biyu za su kasa rungumewa." Shi ya sa kowa ya koma katako da ƙusa da kwalta.

Lahadi, 2 ga Fabrairu
Lanƙwasa. Ruwan zafi a kan katako, buhu, igiya, a ja kaɗan a ɗaure, a bari. Gobe a ƙara ja. Ba a yi masa gaggawa, in an matsa sai ya yi ƙara, ƙarar nan kuwa gargaɗi ce.

Talata, 4
Kaɗan.

Alhamis, 6
Ya kusa taɓa goshi. Saura kamar yatsa huɗu. Na bar shi.

Asabar, 8
Ya haɗu! Gefe biyu duka. Na buga ƙusar ƙarshe hannuna na rawa. Maman yara ta fito da ludayi a hannu, ta ce, "Malam, ashe da gaske jirgi ne." Autana ya shige ciki ya zauna, ya ɗauki kara yana tuƙi a kan ƙasa. Yau na ci tuwo sosai.

Litinin, 10
A darasin tarihi na ba yara labarin jirgin Dufuna. Wani makiyayi Bafulatani ne ya ci karo da shi a 1987, yana haƙa rijiya a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, kusa da kogin Komadugu Gana. Tsawonsa ya haura mita 8, daga gungume guda, kuma masana sun ce ya kai shekara 8,000. Babu wanda ya girme shi a cikin jiragen da aka gano a Afirka. Yana Damaturu yanzu. Na zana musu taswira a allo: ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadar Wudil shi ne yake bi ta Haɗeja, ya shiga Yobe, ya nufi Tafkin Chadi, Komadugu Gana kuma a hanya take haɗuwa da shi. Wato mutanen da suka sassaƙa wancan maƙwabtanmu ne ta ruwa. Wata yarinya ta ce, "Malam, da me suka sassaƙa, ai babu ƙarfe?" Har na dawo gida ina juya tambayar, gizagona a hannu.

Asabar, 15
Toshe tsaga. Aiki mafi cin rai. A murɗa tsumman auduga, a cusa da bakin tsohuwar wuƙa, a bi da guduma a hankali. Kwalta a gwangwani a kan murhu, nesa da danga, yara an kore su. A zuba tana zafi. Sannan langa-langa a kan kowane layi, ƙananan ƙusoshi kusa da kusa. Rabi kawai na yi. Wari ya kama kaina.

Lahadi, 16
Sauran rabin. Kwalta ta ɗiga a bayan hannuna.

Laraba, 19
Yara sun fara jerin wa zai fara shiga. Autana ya ce shi ne. Daren jiya barci ya ƙi. Bagwai nake ta tunawa, ƙarshen Nuwamban 2021, jirgin da ya taso daga Badau a kan ruwan dam ɗin Watari, cike maƙil, yawanci 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Fiye da mutum 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Lodi ne ya wuce ƙima.
Na rubuta a jikin bango da alli: mutum biyu, ba ƙari. Yaro ba ya shiga sai da rigar ruwa. Ban ma san inda ake sayar da ita ba tukuna. Zan tambaya a Kano.

Asabar, 22
Gwaji. Baba ya ce kafin jirgi ya shiga ruwa, ruwa ne zai fara shiga jirgi. Na ɗora shi a kan bulo, mai garuwa ya yi ta juyewa har ya kai rabi. Na kwanta a ƙasa ina leƙe. Ɗiga ko'ina. Ko'ina. Zuciyata ta faɗi. Na tashi na shiga ɗaki.

Lahadi, 23
Da asuba, bayan masallaci, da tocila. Ɗigar ta ragu sosai. Katako ya sha ya kumbura, ya matse tsumman da kansa, kamar sabuwar randa da take tsatsafo kafin ta kama. Saura wuri uku. Na zagaye su da gawayi.

Talata, 25
Biyu sun tsaya. Na goshi bai tsaya ba, daidai inda aka yanke. Ɗis, ɗis, ba sauri, ba fasawa. Iska ta juya, zafi ya fara.

Alhamis, 27
Na kwashe ruwan, na ƙara tsumma da kwalta a goshi, na sake cikawa. Jira. Filafili bai samu ba, guntun madacin da ya rage bai isa ba. Gora dai akwai.

Juma'a, 28
Yau ake duban wata. Na je Wudil, Baba ba ya nan, an ce ba ya jin daɗi, ya kwana biyu bai sauko ba. Yaronsa ya ce sai an sanar da sarkin ruwa kafin a saka sabon jirgi, kuma Baba ne zai kai ni. Na karɓi kwatancen gidan, gobe in Allah ya kai mu zan je dubiya. Mai a-kori-kura yana tambaya ko kai jirgin kogi ranar Lahadi yana nan. Na ce ya dakata. Goshin da yamma da ɗan damshi, ban tantance ko ɗiga ce ko ta jiya ce ba ta bushe ba. Zan sa takarda a ƙarƙashi in gani da safe.